Iya Lauratu, Wadda Ta Yi Suman Ƙarya Saboda Ɗana

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Alhamis, sha uku ga watan Safar, ina kasuwar Maigatari riƙe da igiyar rago, aka bugo mini waya daga Ɗanzomo cewa kakata Iya Lauratu ta cika da hantsi. Abin da na ce wa mai bugowar shi ne, "Ku gaya mata na gane, ta tashi." Sai da Baba ya karɓi wayar ya faɗa mini da bakinsa sannan na saki igiyar.

Iya, uwargidana, kada ki ga laifina. Ke kika ɓata ni, domin kin taɓa yi mini irin wannan.

Duk Ɗanzomo an san tsakaninmu. Ni na sa miki kwaɗo a kwanon goro. Ni na ɗaure bakin zanenki da ƙafar kujera ranar suna a gidan Gwaggo Rakiyya. Ke kuma kike bin 'yan mata kina cewa ni mijinki ne amma kin gaji, mai so ta ɗauka kyauta. Shekara arba'in kina ungozoma, rabin garin nan a hannunki suka fara kuka, ba ki taɓa barin mai jego da ruwan sanyi ba. Amma alherin da na zauna rubutawa nawa ne ni kaɗai.

Ɗana na fari bakwaini ne, ke kika karɓe shi. Ni da matata Zubaida muka riƙe kunyar ɗan fari yadda muka tarar ana yi. Ba ma kiran sunansa, ba ma yi masa wasa a gaban mutane. Sai dai "yaron nan", sai "wancan". To wanda ba ya kiran yaro, ta ina zai san yaron ba ya amsawa? Ke kaɗai, da yake tattaɓa-kunnenki ne, kike rangaɗa sunan tun daga zaure. Ya kusa shekara biyu bai taɓa waiwayo miki ba. Ni kuwa daɗi nake ji. Na ce ɗana ya gaje ni, tun bai yi baki ba ya fara shanya tsohuwa.

Kika zaunar da ni kika ce, "Rufa'i, wannan ba tsokana ba ce. Mai tsokana yana satar kallonka ya ga ko ka ji haushi. Shi ba ya kallon idon kowa." Kika lissafa mini: ba ya nuna abu da yatsa, in yana son ruwa sai ya ja hannun mutum zuwa randa, yana yini yana jera marafan kwalba, in aka tayar da injin niƙa sai ya toshe kunne yana ihu. Kika ce a kai shi asibiti. Na ce maza dama ba sa saurin magana. Wasu suka ce shafar aljanu ce, a yi hayaƙi. Gaskiyar kuwa, kunya nake ji a ga ina rawar jiki a kan ɗan fari.

Bayan kwana uku, da safe, kika zube a tsakar gida kina cewa ƙirjinki. Idonki ya kafe, hannunki ya saki. Na fita ba takalmi na tsayar da mota. Cikin nishi kika ce sai Zubaida ta bi mu, ta goyo yaron. Tun daga Ɗanzomo har Gumel ina tofa miki duk abin da na haddace a allo, ina kuka, ina roƙon gafarar kwaɗon nan. Muna shiga asibiti kika miƙe, kika gyara ɗankwali, kika ce wa malamar asibiti, "Ni ƙalau nake, 'yar nan. Ga marar lafiyar a goye. Wannan mai majinar kuma ubansa ne."

Daga Gumel aka tura mu Kano. Aka gwada kunnensa, ƙalau. Likita ya yi ta tambaya, kina amsawa kafin mu buɗe baki. An haife shi kafin lokaci? Kika ce bakwaini ne. Uwar ta yi ciwon suga da cikinsa? Ta yi. Akwai mai irin halin a dangi? Kika tuno ƙanen mijinki da bai yi magana ba sai da ya shekara shida. Shekarun uban nawa? Kika ce, "A jiki ashirin da shida, a hankali bakwai." Likitan ya ce sunan lalurar otizim, wasu na ce mata galahanga. Ya ce waɗannan abubuwa suna ƙara yiwuwar ta ne kawai, ba laifin kowa ba ne, ba aljani ba ne, kuma ba kunyarmu ce ta jawo ta ba. Ya ce sa'ar yaron ita ce an kawo shi da wuri, lokacin da koyarwa ta fi kamawa. Ya ba mu aiki: kullum a durƙusa daidai fuskarsa, a kira sunansa, a yi wasa da abin da yake so.

Zubaida ta yi ta yi a ɗaka. Ni na ce ai ga ki. Wata goma sha ɗaya kina rarrafe a tabarma da ciwon gwiwa kina jera marafai, har ya fara duban ki, har ya fara nuna randa da yatsa. Da na ce kin samu sabon miji, kika ce, "Eh, wannan ya fi ka hankali, ba ya surutu."

Ranar sadakar uku ina zaune cikin dattawa a ƙofar gida, sai ga yaron ya fito ya nufi titi, ga motoci. Na duba ko'ina, Iya, babu ke. Na miƙe a gaban Baba da liman na ce, "Mu'azzam!" Bai tsaya ba. Na sake. A na uku ya tsaya, ya ɗan juyo. Na je na durƙusa a gabansa cikin ƙasa da fararen kayana. Wani dattijo ya ce yaran zamani ba kunya. Baba ya ce masa, "Ƙyale shi, wasiyya yake cikawa."

Allah Ya jiƙan ki, Iya Lauratu. Ya yafe miki suman ƙarya, Ya rubuta miki shi cikin ayyukan lada. Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba Malam Mannir, da Gwaggo Rakiyya, da duk wanda kika yanke wa cibiya a Ɗanzomo. Mu kuma jikoki Allah Ya ba mu haƙuri, musamman ni da kika bari ba mata ba abokiyar faɗa, ga kuma rarrafe a tabarma kullum safe. Amin.