Sallamar da ta ƙulle mini kwamfuta

Wauta dai na yi ta iri-iri a rayuwata, har na gaji na bar wa yara. Amma wadda na tafka da kwamfuta a shagona na riɗi da agushi a Lafiya, ita kam ba zan manta da ita ba, ko na manta akwai masu tuna mini.

Boko ban yi nisa ba. Ɗan yaƙi da jahilci ne, ina haɗa baƙi da Hausa da kyar, Turanci kuwa sai dai in gaishe shi daga nesa. Da 'yata ta auri ɗan wani aminina Bafulatanin Kwandere, aiki ya kai su Fatakwal, sai mijin ya kafa mini tsohuwar kwamfutarsa a shago, ya koya mini buɗe imel don mu riƙa gaisawa. Lokacin wayoyin shafawa ba su cika gari ba. Abu ɗaya ya manta bai gaya mini ba: ba kowane saƙo ake amsawa ba.

Mu kuwa an tashe mu a kan amsa sallama wajibi ne. Duk saƙon da ya shigo, ko da wane yare ne, sai in sa yatsa ɗaya in rubuta, "Wa alaikumus salam, ya iyali, ya aiki?" Goge saƙo kuma ban taɓa yi ba. Mutum ya tako har ɗakinka, ka share shi kamar shara? Abin mamaki, kullum na amsa ɗaya sai tuli su ƙaru. Na ce lallai farin jinina ya ƙetare teku.

Sai ga albishir 'yata ta sauka, namiji. Aka ce hoton jaririn yana cikin imel. Na aika a sanar da surukina, wato aminin nan nawa uban mijinta, wanda muke kira Arɗo. Ni Babarbare ne, kun san tsakaninmu da Fulani, ba a gaisawa sai an taɓa juna. Tun cikin yana wata kaɗan muke musun wa yaron zai ɗauko. Ya hawo mashin tun hantsi, ya shigo da sandarsa.

"Ina bawan nan nawa? Buɗe akwatin in ga jikana."

"Zauna a ƙasa tukuna, gaban ubangidanka kake."

Maƙwabtan shago suka taru. Na gyara hula, na danna saƙon. Shiru. Allon ya yi fari fat, ɗan zoben nan yana ta juyawa kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Na girgiza maus, ko gezau. Na kashe na kunna, ta buɗe lafiya lau, ina taɓa saƙon ta sake sandarewa. Na juya mata fanka. Na ɗan bubbuga ta a gefe yadda ake wa rediyo. Daga ƙarshe na waiga, na yi mata tofi a ɓoye, ashe Arɗo yana gani.

"Tofa da kyau, Babarbare! Ko saniyata in ta ƙi tashi ba na yi mata haka. Kunya akwatin yake ji, ya ga yaron ba ya kama da kai."

Aka kwashe da dariya. Arɗo ya ce shi kafin la'asar zai koma wurin shanunsa, kuma in bai ga hoton ba, har Kwandere sai an ji cewa surukinsa ya ajiye akwatin banza yana yi wa mutane burga. Ana cikin haka maiɗakina ta iso da abincin rana, ita ma ta ja kujera tana jiran ganin jika.

Dole na aika aka kira wata mata 'yar ƙabilar Eggon mai shagon buga takardu a layinmu. Ta zauna, ta cire abin intanet ɗin, ta buɗe imel ɗin a haka, ta rufe gefen da ke nuna saƙo tun ba a taɓa shi ba. Sai ta duba cikin akwatin saƙonnin, ta dafe kai.

"Baba! Wannan kwamfuta naka bai lalace ba, ƙoshi ya yi. Su wane ne duk waɗannan?"

"Mutanena ne," na ce, ina ƙara gyara zama.

"Wane mutane? 'Yan talla ne da 'yan damfara. Kowane da hoto, kowane da kaya. Kana amsawa, sun san akwai mutum a gida, suna ƙara turowa. Sai an goge su kafin ya numfasa."

Na ce atafau, ba za a kore mini baƙi ba. Sai ta ce bari ta karanta mini su waye baƙin. Da na sani da na yi shiru. Na farko mai sayar da maganin sanƙo ne, na tambaye shi ya yara. Na biyu mai maganin ƙarfin maza, shi har addu'ar Allah ya ba da kasuwa na yi masa. Na uku wata ce ta ce mijinta ya mutu a ƙasar waje tana neman amintaccen da zai riƙe mata dukiya. Ni kalmar mutuwa kawai wani ya taɓa fassara mini, don haka na shafe watanni ina yi mata ta'aziyya, ina ce mata ya haƙuri, ya kwanan kaɗaici.

Arɗo ya faɗi a kan buhun agushi yana riƙe ciki. Maiɗakina ba ta yi dariya ba.

"Goge su, 'yata," na ce. "Har mai takabar."

Ta goge, ta kimtsa akwatin saƙonnin, ta mayar da intanet, ta danna. Sai ga yaro ya cika allo, fari sol, da dogon hanci kamar an zare shi daga fuskar Arɗo. Ko kunnena bai ɗauko ba. Arɗo ya daina dariya, ya matso ya kafa masa ido, sai na ga yana share hawaye da bakin rawani. Ni ma na juya kamar ina gyara fanka.

Ranar na koyi cewa ba duk mai sallama ne baƙo ba, kuma ɗakin da ba a sharewa, ranar da naka zai zo ba zai sami wurin zama ba.

Da mutane suka watse, maiɗakina ta haɗa kwanukanta a natse, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ni da nake gaishe ka kullum safiya, 'uhm' kake ce mini. Ko sai na shiga cikin akwatin nan za ka tambaye ni ya na kwana?"