Safar Hannun Yayana

Shekarun baya, lokacin da yaƙin arewa maso gabas ya yi zafi, na taɓa buga wa yayana rigar mutuwa alhali yana raye. Har yau idan an tashi tsokanata a gida, da wannan ake farawa.

Yayana gola ne. Kafin ya shiga soja, duk Kafanchan ba wanda bai san shi a raga ba. Har Manchok ake ɗaukarsa haya idan wasa ya yi tsanani. Yana da wata tsohuwar safar hannu da ta sha ɗinki, ba ya bari ko taɓa ta a yi. Da ƙwallo ta ƙi ciyar da shi ya sa kaki, ranar tafiya sai da ya cusa safar nan cikin jaka. Mahaifiyata ta ce masa harsashi ba ƙwallo ba ne, idan ya ga ya taho kada ya ce zai cafe.

Yana kiranmu duk Lahadi bayan an tashi daga majami'a. Sai wata Lahadi shiru, ta biye ma shiru, waya a kashe. Ga labarin an kai wa sojoji hari a yankin da yake. Muka daina cin abinci da daɗi.

Ana cikin haka wani direba ya aiko a kira ni tasha. Ya miƙo mini leda, ya ce wani soja ne ya tare shi a Mararaban Rido, ya ce a kai gidan gola. Ina buɗewa na ga safar hannun nan da takalman ƙwallonsa. A unguwarmu kowa ya san abin da ake nufi idan kayan soja suka dawo ba mai su, domin haka aka yi wa maƙwabciyarmu: jakar ɗanta ce ta fara isowa, gawa daga baya. Nan na zube a tasha na yi ta kururuwa, masu sayar da citta suna riƙe ni. Kafin in isa gida, labari ya riga ni.

Matan zumunta na majami'armu suka cika tsakar gida, aka kafa rumfa. Mahaifiyata kuwa ta ƙi a yi sujadar jana'iza. Fasto ya lallashe ta, ta ce, "Baba Fasto, ni ban ga gawa ba. Safa na gani. Ba safa na haifa ba."

Ni a lokacin gani nake baƙin ciki ne ya taɓa ta. Da yake ni ce mai rawar kai a gidanmu, na ɗauki hotonsa na kai aka buga a riguna, da rubutun "Ka huta lafiya" a ƙasa. Abokan ƙwallonsa kuma suka shirya wasan tunawa. Al'adarsu ce idan ɗan wasa ya rasu a bar gurbinsa a fili. Tunda shi gola ne, sai aka ajiye safarsa a kan layi, aka fara wasa raga ba kowa.

Ranar Asabar da yamma fili ya cika, ina gaba-gaba da rigata ina sharar hawaye. Ba a jima da busa usur ba wani ɗan acaɓa ya tsaya bayan raga, ya sauke wani ramammen mutum da hannu a naɗe. Mutumin ya tsaya yana kallo, sai muka ji muryar da muka sani tana yi wa 'yan baya tsawa: "Wane irin wasa ne wannan? Wa ya bar gida ba gola?"

Rabin filin ya watse da gudu, har da alƙalin wasa. Ni na tsaya inda nake. Ya ƙaraso ya dubi ƙirjina, ya karanta, ya ce, "Ke, duk hotunana, wannan mai mummunan aski ne kika zaɓa?"

Ashe a harin wayarsa ta ƙone, ya rasa yatsu biyu na hannun hagu, ya yi makonni a asibitin sojoji. Ya kasa gaya wa mahaifiyarmu. Da ya gane shi da raga sai kallo, sai ya ba abokin aikinsa da zai zo hutu kayan, ya kai wa yaron da ya gaje shi a gola. Abokin bai samu isowa ba, ya sa a mota. Ni kuma na ƙarasa sauran aikin.

Da muka shiga gida, maƙwabciyar nan da nata ɗan bai dawo ba ita ta fara rangaɗa guɗa, tana yi tana kuka. Mahaifiyata ba ta tashi daga kujera ba. Yayana ya durƙusa yana ɓoye hannun, ta jawo shi ta duba da kyau, ta ce, "Biyu ne suka tafi? To, su riƙe. Sauran duka nawa ne."

Yanzu ya bar soja, yana koya wa yara tsaron raga, kuma da rigar nan yake zuwa fili don dai ya ba ni kunya. Abin ya koya mini in daina riga malam masallaci, musamman a kan mugun labari. Amma ko ya tsokane ni ba na jin haushi. Duk sanda na hango shi cikin rigar yana yi wa yara faɗa, ga "Ka huta lafiya" a ƙirjinsa shi kuwa ya ƙi hutawa, sai in ji wani sanyi a raina, in ce Ubangiji na gode.