Hoto na Sha Biyu

Yayana Almu shekara talatin da ɗaya ya yi yana aikin reluwe a tashar Zariya, shi ne mai juya wa jirgi hanya. Jiragen da ya sallama Legas ba su ƙirguwa, amma shi bai taɓa wuce Kaduna ba. Da Baba ya rasu, shi ya bar makaranta ya riƙe gida, ni kuma na yi ta karatu har gwamnati ta turo ni Landan koyon aikin injiniya. Mutum ne mai sanyi, ba ya ɗaga murya. Ni kuwa, Uwaisu, Allah ya yi ni da rawar kai, na sani.

A 1975 aka biya ma'aikata ƙarin albashin nan da ake kira kuɗin Udoji. Abokan aikinsa wannan ya sayi babur, wancan rediyo. Yaya Almu ya yanki tikitin jirgin sama mafi araha, ya rubuto mini: "Ina tafe, kwana shida."

Ya sauka da garin rogo, da kilishi, da yaji a gwangwanin madara, da wata tsohuwar kyamara da ya aro wurin mai hoton unguwarmu. Fim ɗaya ne a cikinta, hoto goma sha biyu. A ƙasa ya riƙa kwana a ɗakina na unguwar Lewisham, wai gado na ɗalibi ne. Jirginsu na Tube sau ɗaya ya shiga, shi ma don ya ga yadda suke juya hanya a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai bas ɗaya da safe, ɗaya da yamma, sauran duk a ƙafa. Mun taka, wallahi mun taka! Duk inda ake biyan kuɗin shiga sai ya tsaya a ƙofa ya ƙare wa ginin kallo, ya ce, "To, mun gani," mu wuce.

Abu ɗaya Inna ta roƙe shi. Idonta ya fara rauni, ta ce, "Ka kawo mini ku biyu a tsaye wuri guda, in gani tun ina gani." Sha ɗaya ya ƙarar a tashoshin jirgi da gadoji da tantabaru. Na sha biyu ya ajiye mana a gaban babban agogon nan na bakin kogi, ranar Lahadi, jajiberin tafiyarsa.

Da hantsi muka hau gadar da ke gaban agogon. Ya sa babbar rigarsa ta Sallah, ya ɗora tsohon kwat ɗin reluwe a kai saboda sanyi, ga takalmin roba, ga ledar kilishi a hannu. Yana waige-waigen Baturen da zai ɗauke mu, sai na ji an ce, "Uwaisu!"

Karimatu ce, 'yar Alhaji Maje ɗan kwangila, masu gida nasu na kansu a Landan. Wata shida ina bin ta, kuma na bar ta tana zaton gidanmu gidan masu hali ne. Ta dubi Yaya daga hula har takalmi.

"Wannan fa?"

Ba wanda ya matsa mini, bakina ne ya faɗa: "Wani mutumin garinmu ne, ina nuna masa gari."

Yaya ya ji sarai. Bai ko dube ni ba. Ya ɗan russuna ya ce, "Haka ne, ranki ya daɗe. Yana ƙoƙari da ni."

"To Malam, tunda ga kyamara, ɗauke mu mana."

Ya ajiye ledar, ya ja da baya, ya ce in matsa dama kada in tare agogon. Ya danna.

Bayan ta tafi na ce, "Yaya, bari mu nemi wani fim." Ya ce, "Yau Lahadi, kantuna a rufe. Mu je, ka gaji." Har filin jirgi bai tayar da maganar ba. Da ma ya zage ni! Addu'a ya yi mini, ya bar mini sauran kilishin.

Karimatu wani ta aura, ko gayyata ban samu ba. Bayan shekara biyu na koma gida, na tarar idon Inna ya tafi gaba ɗaya. Hoton yana rataye a ɗakinta: ni da Karimatu da agogo, na washe baki kamar wawa.

Inna ta ce, "Na gan ku kafin idon ya rufe. Sauko da shi." Ta laluba gilashin, ta kai yatsa can ƙasa. "Ga Almu nan."

Inuwa ce doguwa mai hula, ta miƙo a kan daɓen gadar ta tsaya daidai takalmina.

Ta ci gaba: "Ya ce ba ku samu mai riƙe muku kyamarar ba. Amma ya gaya mini yadda ka riƙe shi. Wai duk wanda kuka haɗu da shi sai ka ce, ga yayana. Allah ya yi maka albarka, Uwaisu."

Yaya yana zaune a bakin ƙofa yana goge fitilarsa ta aiki. Bai ɗago ba.

Shekara tara ya yi a duniya bayan haka, kullum ina cewa gobe zan roƙe shi gafara, ban yi ba. Hoton yana wurina yanzu. Ni da shi ba mu da wani hoton.