Murɗaɗɗen Hannun da Ya Ɓace

Da hantsi tsoron ya kama ta. Tana gaban kwamfuta a ofis, shayinta bai ma huce ba, ta sake tace hoton tauraruwar da take nazari ta wata hanya daban, don dai hankalinta ya kwanta. Hoton na fitowa ta ga hannu ɗaya na ƙurar da ke kewaye da tauraruwar ya ɓace.

'Yar Ƙura ake ce mata, gida da ofis. Mahaifiyarta ce ta laƙaba mata: "Ƙurar ƙarƙashin gadonki ta gagare ki, kin tafi ta sama." Ita ce babba a gidansu. Ta daɗe tana koyar da lissafi a sakandare, sai da ƙannenta suka tasa ta koma jami'a nazarin taurari.

Sabuwar tauraruwa takan zo da faifan ƙura da iska kewaye da ita, a cikinsa duniyoyi ke dunƙulewa. A faifan da take bibiya ta hango hannaye biyu sun murɗe, kamar ruwa na juyawa a bakin rariya. Irin wannan murɗiya kan iya nuna akwai ɓoyayyiyar duniya da ke jan ƙurar. A kan wannan ta rubuta kundin digirinta, a kansa kuma wata cibiyar bincike ta yi mata alkawarin aiki.

Sai dai hasken tauraruwa yakan danne faifan, dole a cire shi. Ana ɗaukar hotuna da yawa, a jujjuya su, a ɗebe wani daga wani. In aka wuce gona da iri, juyin kansa kan zana murɗiyar da babu ita.

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo. "Fatalwa kika gani?"

"Zo ka duba."

Ya daɗe yana kallo. "Wa ya aike ki sake tacewa, baiwar Allah? Rufe abinki. Ni idona ma ciwo yake, ban ga komai ba."

Ba ta rufe ba. Ta ɗauki kwamfutar, ta ƙwanƙwasa wa Farfesa mai duba aikinta ƙofa.

Ya cire tabarau ya murza ido. "Ko dai sabuwar hanyar ce ta cinye hannun gaske, ko tsohuwar ce ta ƙirƙiro shi. Wannan hoton ba zai raba gardama ba."

Suka nemi a sake duba tauraruwar da wata na'urar hangen nesa wadda ba ta buƙatar cire haske. Da bakinta ta sanar da cibiyar, aka ce an jingine maganar aikin.

"Yanzu ƙurar ce ta ɓata ko aikin?" in ji mahaifiyarta.

"Ban sani ba tukuna, Umma."

Ta koma koyarwa na wucin gadi. Tsakanin darasi da darasi takan juya wa allo baya ta duba waya, hannunta duk alli. An ce tauraruwarta na cikin layin waɗanda na'urar za ta duba. Har yanzu hotunan ba su iso ba.