Wanda Ya Yi Kira a Cikin Hazo

'Yan kasuwar Kano ba sa yarda idan na ce ana sanyi a Guangzhou. Sai su ce ai sun je baje-kolin Pazhou, gumi ya jiƙa su sharkaf. Ba na musu da su, don ba su taɓa kwana a can a watan Janairu ba, lokacin da iskar arewa take saukowa da laimarta, ta bi ta ƙasan ƙofa ta shiga ƙashin mutum. Ba ƙanƙara, ba komai, sanyi ne kawai marar kunya, kuma ba a gina gidajen don shi ba.

A can aka haife ni. Babana Bakano ne, yana sayen wandunan jins a Xintang yana aikawa gida. Mamana 'yar ƙasar ce, Basiniya, ta musulunta kafin aurensu. Muna zaune a wani bene kusa da titin Huanshi Lu, amma da an ba da hutun sanyi sai a kwashe mu, ni da ƙanena Sadiku, a kai mu wurin kakarmu ta wajen uwa a Nansha, inda kogi yake ƙarewa ya faɗa teku. Popo muke ce mata, yadda yaran can suke kiran uwar uwarsu.

Popo 'yar mutanen jirgi ce, waɗanda a da a kan ruwa ake haifarsu, a kan ruwa suke aure, a kan ruwa suke mutuwa. Sai da ta girma aka ba su ɗakuna a tudu, kuma har ta tsufa tafiyarta ta kan jirgi ce, ƙafafu a ware, kamar ƙasar ba abin amincewa ba ce. Ba Musulma ba ce, amma ta ware mana tukunyarmu daban, kuma wanda ya kuskura ya sa cokali a ciki zai ji bakinta har gidan maƙwabta. Sunana Maryam ya fi ƙarfin harshenta, sai ta gutsure shi ta mai da ni A-Yam.

Bayan magariba take hura gawayi a kaskon ƙasa, ta binne dankali a toka, ta jera busasshen kifi a kan waya. Mu zauna a 'yan kujeru, guiwa kusa da wuta, baya na shan sanyi. Ita ba ta fara labari da labari. Sai ta fara da ruwa, kuma ba ka isa ka hanzarta ta ba.

Daga bakinta na san cewa da sanyi kogi ramewa yake yi, sai gishirin teku ya hauro har ƙofar gida. Idan iskar arewa ta yi kwanaki tana kaɗawa, sai ta kore ruwan bakin gaɓa, laka ta fito fili har inda ido ya tsaya. Ruwan da ya rage ya yi garau, kifi ya yi wayo, ya bar wurin da ba zurfi ya gangara ramuka na gindin duwatsu ya lafe. Mai jefa koma a irin wannan rana wahalar banza yake yi. Jira ake yi iska ta faɗi, rana ta ɗan ɗumama laka, ruwa ya fara dawowa. A ranar kifi yake motsi da yunwarsa, a ranar kuma hazo yake tashi daga ruwa, fari, mai jiƙa gashi, har ba ka ganin goshin jirginka. Tun da ido ba ya aiki, da kunne ake kamun. Akwai wani kifi mai gurnani, sai a zura doguwar gora a ruwa, a manna kunne a bakinta, a saurari inda ya taru.

Sai ta gama wannan karatu nata, sannan ta buga cokali a gefen kasko ta ce, “Ruwa ya janye, ku matso.” Mu ce, “Mun matso.” Tana da labarin kaguwar da ta yi mijin kunkuru, da na attajirin da ya so ya sayi iska, muna dariya har Sadiku ya shaƙe da dankali. Amma wanda muka fi roƙo shi ne na mai kira, saboda yaro yana son abin da zai hana shi zuwa bayi shi kaɗai.

Wai wata mata ce a jirgin kamun kifi, ita ce a baya tana tuƙi da dogon filafili. A gaba akwai tsoho mai jirgin da gorarsa, a tsakiya ƙananan yara biyu, an ɗaure kowanne da igiya a ƙugu kamar yadda ake yi. Iska ta faɗi tun asuba, hazo ya rufe, sun sha kunun shinkafa da kifi mai gishiri sun fito. Tsohon yana sauraron ruwa, sai suka ji wani abu daban, ba daga ƙasa ba, daga gefen dama. Mutum ne yake kira. Ƙaramin kwalekwalensa ya kife a kan wani rami mai zurfi, ruwan sanyi ya riƙe masa gaɓoɓi, kuma ba shi da nisa, don har tarinsa suna ji.

A wurin mutanen jirgi kuwa, wanda ruwa ya kama ba a ƙwace shi. Sun yi imani cewa duk wanda ya nutse yana nan a ƙasa a tsare, ba zai tafi ba sai ya jawo wani ya zauna a gurbinsa. Idan ka tsamo wanda aka jawo, to daga jirginka za a ɗauki madadi. Tsohon ya dubi yaran nan biyu, ya dubi matar, ya ce, “Juya.”

Popo takan rage murya a nan. “Ta juya,” in ji ta. “Filafili yana hannunta, ita ta juya. Yana kira, tana tuƙi. Kiran yana raguwa, tana tuƙi.” Daga ranar, wai, matar ba ta ƙara iya sauraron kifi ba. Duk sanyin da ya zo, da ta sa kunne a gora, ba gurnani take ji ba, shi take ji, yana tari yana kira, bai ƙara nisa ba kuma bai matso ba.

Tsigar jikina takan tashi kowane lokaci, amma haushi ma nake ji, don labarin ba shi da ƙarshe. A nan take tsayawa, ta dube mu ta ce, “To, ku ce. Me za a yi da matar nan?” Sadiku, da yake jarumi ne a gaban wuta, sai ya ce a jefa ta a ruwa ita ma. Ni kuma na ce muguwa ce, da ni ce da na buge tsohon da filafili. Popo takan gyaɗa kai a hankali ta ce, “Haka ne,” ta tone mana dankali. Kowace shekara haka take tambaya, kowace shekara haka muke yanke hukunci, bakinmu cike.

Baba bai taɓa zama a wannan wuta ba. Shi da ya ƙetare rabin duniya, ya koyi cin abinci da tsinke, kunyar suruka ce kaɗai ya ƙi bari a Kano. Idan ya zo, daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, kai a ƙasa, sannan ya koma ɗakin waje. Popo ta daɗe tana zaton ciwon baya ne da shi. Magana kuma ba ta haɗa su, don Sinancin Baba na kasuwa ne, “nawa ne”, da “meyo” wato babu, da “shishe” wato na gode, ita kuwa yaren mutanen jirgi take yi. Lawban take ce masa, wato maigida, cikin tsokana.

Wata shekara, ana gobe jajiberin sabuwar shekararsu, masana'antu duk sun rufe, Baba ya zo shi da Mama. Sanyin ranar ya wuce misali. Mama ta leƙa ɗakin waje ta tarar da shi yana kaɗuwa cikin riguna uku, ta ce ita ba ta shirya takaba saboda kunya ba, ta jawo shi gaban kasko. Ya zauna a gefe, a takure, idonsa a ƙasa. Muka roƙi labarin mai kira. Baba ya ce, “Maryama, ki riƙa gaya mini abin da Inna take cewa.” Na yi ta juya masa da Hausa a hankali, ina jin kaina wata babba.

Da ta kai ƙarshe, ba mu ta duba ba. Ta ce, “A-Yam, tambayi Lawban. Su da suke goga goshi a ƙasa kullum, a wurinsu me ake cewa game da matar nan?”

Na faɗa masa. Na ɗauka zai ce abin da malaminmu zai ce, cewa wanda ya bar rai ya halaka yana iya ceto ya ɗauki babban kaya. Amma sai ya ce, “Ki tambayi Inna, shekarun mai tuƙin nawa?”

Na ce, “Baba, tatsuniya ce fa.”

“Ke dai tambaye ta.”

Na tambaya. Popo ba ta ko yi tunani ba. “Sha uku,” ta ce. “Ba ta ma cika ba, sai bayan bikin sabuwar shekara.”

Mama, da take ɓare lemo a bayanmu, na ji ta daina. Ni kuwa ban gane komai ba, sai mita nake yi a raina cewa ai da mata ce, yanzu kuma ta koma yarinya.

Baba ya gyara zama ya ce, “Ki ce mata, a wurinmu alƙalami bai hau kan wannan yarinya ba. Ba a rubuta mata komai ba. An ce ta juya, ta juya.” Na yi iyakar ƙoƙarina na mayar mata. Ta ƙura wa garwashi ido, leɓenta yana motsi. Sai ta ce, “Shi fa? Shi an gaya masa haka? Yana can ƙasa, cikin wannan sanyi.”

Muryar Baba ta canja, ban taɓa jin ta haka ba. “Ki ce mata ba ya cikin ruwa. Rai ba ya zama a ruwa. Wanda ya ba shi ya karɓi abinsa tun a ranar, kafin jirgin ya kai gaɓa. Ba ya jin sanyi, kuma ba ya jiran kowa.”

Na faɗa mata. Ta sa na maimaita, na maimaita. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki dankali mafi girma da hannunta daga cikin toka, ta ɓare, ta miƙa wa Baba, shi kuma ya karɓa da hannu biyu.

Daga wannan dare ba ta ƙara ba mu labarin mai kira ba. Mun roƙa har mun gaji, ta ce ta manta. Na yi fushi da Baba sosai, na ce ya zo rana ɗaya ya lalata mana labarinmu mafi daɗi. Sai da na girma, muna Kano, na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya ce shi bai gane komai ba, kunya ce ta hana shi kallon fuskarta, sai ya kalli hannuwanta. Mu muna kallon baki, shi yana ganin tsohuwa tana tuƙi a kan cinyarta, tana turawa tana jawowa, tun daga “juya” har ƙarshen labari.

A da na ɗauka darasin shi ne kada ka bar mutum ya nutse, kuma ina ganin na haddace shi. Yanzu abin da yake hana ni sukuni daban ne. Wannan baiwar Allah ta yi shekaru tana kai ƙarar kanta gaban jikokinta, don mu kaɗai ne ba za mu gane ta ba, mu kuma muna cewa a jefa ta a ruwa, tana cewa haka ne. Ina tausayinta ƙwarai. Idan tsoho ya fara maimaita mini labari ɗaya, ba na ƙara cewa na taɓa ji. Kuma har yau ban sani ba ko ta yarda da maganar Baba, ko dai ta daina ne don an gane ta.

Abin da na gani da idona ke nan. Washegarin wannan dare, da aka zo cin abincin jajibere, mu biyar ne a gidan, amma Popo ta jera kwano shida. Mama ta ce, “Ma, kin yi ƙari.” Popo ta ci gaba da zuba shinkafa ta ce, “Na yayana ne. A-Hoi sunansa.” Mama ta tsaya da cokali a hannu, ta ce, “Dama kina da ɗan'uwa namiji?” Ta haura shekara talatin a duniya ba ta taɓa jin tana da kawu ba, don mutanen jirgi ba sa ambaton sunan wanda ruwa ya ci.

Na saci kallon Baba, don na san ajiye wa mamaci abinci ba abinmu ba ne. Ya ɗaga kujerarsa ya matsa gefe, ya bar wa kwanon wuri kusa da Popo.