Gyaran Muryar Malam a Bayan Asabari

Shekarar da na gama jami'a, ina zaune a gidanmu na Ƙofar Galadima ina jiran kiran bautar ƙasa, aka aiko daga wani gida a Kwarbai ana neman wadda za ta riƙa koya wa yarinya lissafi. Mahaifiyata ce ta karɓi saƙon, kuma ta amsa tun kafin a tambaye ni. Maigidan abokin karatun marigayi babana ne, gaban malami guda suka durƙusa tun suna samari. Ta ce ba a ce wa irin wannan gida a'a.

Yarinyar ita ce autar gidan, tana aji biyar na sakandare a ɓangaren kimiyya. A makarantarsu, ƙarshen shekara ana yin jarrabawar tacewa a lissafi mai zurfi, wanda ɗalibai ke kira foda mas, duk wadda ta faɗi kuwa sai a cire ta daga ajin kimiyya, babu roƙo. Ita kuma injiniyan gini take son zama. Ta gaya mini tun ranar farko, kanta a sunkuye, cewa tun damunar da soron kakarta ya rufta take son sanin abin da ke riƙe gini a tsaye.

A shigifa muke zama, bayan la'asar, kan tabarma, da ƙaramin allon bango da aka jingina da tukunyar ruwa. Tsakaninmu da zaure asabari ne kawai. A zauren nan Malam, wato mahaifinta, yake wuni. Ya yi aikin kotu har ya ajiye, ya koma koyar da littattafai da safe, da yamma kuma ya zauna shi kaɗai yana duba nasa. Ba ma ganinsa, amma muna jin buɗe shafinsa.

Na rubuta mata tambaya kan alwatika, na ce ta nemo tsawon gefe guda. Ta ɗauki biro ta zuba wa takardar ido. Ni ma na yi shiru, domin na san lissafi yana son a bar mutum da shi. Ba a jima ba sai muka ji gyaran murya daga zaure, ba mai ƙarfi ba. Yarinyar ta zabura kamar an watsa mata ruwa, ta fara karanto tambayar da ƙarfi, ta kai ƙarshe ta sake komawa farko.

Da na shiga cikin gida yin sallama, Hajiya, mahaifiyarta, ta bayyana mini tana dariya. Ta ce Malam ba ya jure shiru a wurin karatu. A wajensa ɗalibin da ya yi shiru karatu ne ya cije masa, wanda kuwa karatu ya zauna masa ba ya tsayawa. Haka ya rene su duka. Autar ma tana da shekara goma sha uku ta haddace Alƙur'ani, kuma ranar da aka saurare ta ba a ɗaga mata ko sau ɗaya ba.

Da a ranar na gane abin da ke gabana, da na je na durƙusa na yi wa Malam bayani. Ban yi ba. Abin da na yi shi ne na fara cike shirun da bakina. Idan na ba ta tambaya ta tsaya, kafin gyaran muryar ya zo sai in ce bari mu yi tare. In warware daga sama har ƙasa ina faɗa, tana maimaitawa. Washegari ta kawo mini shi cif, layi bayan layi, har da inda na ja numfashi. Ba mu ankara ba mun koma irin karatun da ta saba da shi: in biya mata, ta haddace, ta kawo, in yi mata ƙari.

Ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi. Muryarta siririya ce mai sanyi, kuma idan tana jero dokokin lissafin kusurwa, wato sain da kosain, sai ta sa musu wata irin karya murya ta masu tilawa, har in manta da cewa koyarwa na zo yi. Ni dama haka nake, abu kaɗan ke ɗauke ni. Ina jami'a nakan zana layin sain mai hawa da sauka in ga bayan dutsen Kufena da yamma. Na ɗauka na sami 'yar'uwa mai jin abin da nake ji. Daga bayan asabari kuma, maimakon gyaran murya, sai mu ji Malam ya ce madalla a hankali. Hajiya ta aiko mana da kunun gyaɗa. Wata huɗu muka yi a haka.

Saura mako shida jarrabawa na manta littafina a gida, dole na rubuta tambaya da ka. Irin wadda muka sha yi ce, sai dai na kifa alwatikar, kusurwar da take talatin na mai da ita sittin. Ta duba sau ɗaya ta fara rubutu da sauri tana faɗa. Rubutu mai kyau, babu gogewa. Ta sauka kan amsar da muka samu makonni uku da suka wuce, ta tambayar da ba ita ce a gabanta ba.

Na ɗora yatsa kan layi na uku, na tambaye ta daga ina ya fito.

"Haka ya zo, Malama," in ji ta.

Na ce na sani, amma me ya sa ya biyo bayan na biyu? Ta dubi yatsana, ta dubi takardar. Na ga leɓenta yana motsi, tana komawa farko don ta gangaro ta same shi. Shiru ya yi tsawo. Malam ya gyara murya.

Ta matso har ina jin numfashinta, ta ce, "Don Allah ki biya min kawai. Baba na ji."

Na biya mata.

Da aka kusa magariba na fito da takalmana a hannu, na durƙusa a zaure da niyyar in faɗa wa Malam komai. Na tsara maganar a raina: cewa wannan karatun ba irin wancan ba ne, cewa shirun da yake ji shi ne aikin. Amma shi ya riga ni. Ya rufe littafinsa ya ce duk lokacin da ya ji ina biya wa autar, muryar babana yake ji, mutumin da bai taɓa ganin karatu ya cije masa ba. Ya yi masa addu'a mai tsawo. Sannan ya tambaye ni yaya ɗalibar tawa.

"Tana ƙoƙari, Baba," na ce.

Na bi lunguna zuwa gida. Yaya yarinya kamata, wadda ya yi wa huɗuba ranar suna, za ta ce wa mutumin da ya shekara hamsin gaban littattafai bai san yadda ake karatu ba? Na nemi hanya ta gefe. Na roƙi Hajiya mu koma cikin gida, ta ce Malam zai zaci wani abu ya faru, kuma sauraronmu ne abin da ke ɗebe masa kewa da yamma. Na riƙa ba yarinyar aikin gida don ta yi tunani ita kaɗai, sai ta kwafo daga ƙawayenta ta haddace, don kada ta zo ta tsaya Malam yana ji.

Rana ɗaya tak muka samu. An yi rasuwa a wajen Kufena, Malam ya tafi jana'iza, zaure ya zama babu kowa. Na ba ta sabuwar tambaya, na koma gefe na kama bakina. Da farko ta yi ta waiwayen asabari. Daga baya ta manta da shi. Ta zana, ta goge, ta juya takardar ta kalle ta a kife, ta ciji biro. Ana ta yayyafi a waje, ina jin ɗigar indararo cikin bokiti. Ta kusa rabin awa. Can sai ta ja wani layi daga saman alwatikar zuwa ƙasa, layin da ban taɓa nuna mata ba, komai ya warware mata. Ta ɗago, fuskarta wata iri, kamar wadda aka tasa daga barci.

"Ashe haka ake ji?" ta ce.

A ranar na tabbatar tana iyawa, kuma da an bar ta da shirunta tun farko da ta wuce ni. Washegari Malam yana zaurensa, muka koma biyawa. Da na ga lokaci ya ƙure, sai na tara duk tambayoyin shekarun baya na sa ta haddace, ina fatan malaminsu zai maimaita. Bai maimaita ba.

Ta faɗi. Wadda ta ga takardarta ta gaya mini ta cika shafuka da rubutu mai tsabta, amsoshi ne daidai na tambayoyin da ba a yi mata ba. Aka mai da ita ajin adabi.

Malam ya aika aka kira ni. Na je ina tsammanin faɗa, ina ma fatansa. Sai ya yi mini godiya. Ya ce shi shaida ne, da kunnensa ya ji, wata biyar yarinyar nan karatu bai zama yana cije mata ba, don haka Allah ne bai nufa ba, babu laifin kowa. Ya ɗauko wasu tsofaffin takardu daga gafaka, rubutun hannun babana ne tun suna ɗalibai, ya ce ni na fi cancanta da su. Na sa hannu biyu na karɓa. Suna cikin akwatina har yau, ban iya buɗe su ba.

Shekara biyu bayan na dawo daga bautar ƙasa, wata ranar damina na shiga a-daidaita-sahu daga kasuwa, sai na tarar da ita a ciki. Ta yi tsawo, ta rame kaɗan. Muka gaisa, na tambayi Hajiya da Malam. Ta ce Larabci aka ba ta a kwaleji, kuma ita ce ta ɗaya a ajinsu, ba ta shan wahala ko kaɗan. Ta faɗi haka tana kallon titi. Ta ce duk lissafin da na biya mata yana nan a kanta, da zan so da ta kawo mini shi yanzu. Na yi ƙoƙarin yin dariya.

Mun kusa Kwarbai ta juyo ta dube ni, ba da fushi ba.

"Malama, ke kin sani tun ranar da kika kifa alwatikar nan, cewa hadda kawai nake yi. Ni ba zan iya gaya wa Baba ba. Ke fa?"

Mai a-daidaita-sahun ya riga ya tsaya. Ta yi mini sai an jima ta sauka. A bakin lungunsu akwai wata katangar ƙasa da ruwa ya cinye gindinta, rabi ta zube, azara ta fito waje. Na ga ta rage tafiya, ta tsaya tana kallon inda ta tsage. Har muka sha kwana tana nan tsaye.