Ranar da Aka Zo Neman Yaran Ruga

Ni matsoraciya ce, kuma ban taɓa jin kunyar faɗin haka ba. Da aka ɗauke ni daga wata firamare a Bungudu aka tura ni wani ƙauye bayan Bilbis, sai da na sha kuka har idona ya kumbura. Gidanmu yana Damba. Kullum da safe in na shiga motar Tsafe bakina ba ya hutawa da addu'a, sai na hango rufin kwanon makaranta sannan nake tuna cewa ban karya ba.

Hedimastanmu wani siririn dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, da tsohon babur da sai an tura yake tashi. Yana da wata al'ada da muke yi masa dariya a kanta a bayan idonsa. Ba ya ɗaukar sabon ɗalibi sai uba ko uwa sun kawo shi da kansu, sun kama hannun yaron sun sa a cikin nasa, shi kuma ya ce, "Na amsa." Mukan ce sai ka ce cinikin saniya a kasuwa. Shi ne kuma ya yi ta sintiri zuwa wata ruga da ke gabas da gari, har makiyayan suka gaji da ganinsa suka ba shi yara huɗu. Biyu a ajina suke, wata yarinya mai yawan tambaya da ƙaninta da ba ya magana sai an matsa masa.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayin da za ta ɓoye mutum a tsaye. Ranar da hantsi muka ji kururuwa daga cikin gari. 'Yan bindiga sun tare manoma a gona, an kawo gawar wani magidanci. Ba a jima ba sai ga matar da ke sayar wa yara ƙosai ta faɗo ajina ba ko sallama, ta ce samarin gari suna tafe da sanduna da bindigogin toka. Wai yaran ruga ne ke kai labarin wanda ya fita gona.

Na ruga ofis, takalmi ɗaya a ƙafa, na ce, "Malam, mu hidda yaran ruga ta baya, su bi cikin dawa su tahi gida!"

Ya dube ni ya ce, "Malama, yau yaro shina gudu cikin dawa, wa za ya tsaya tambayar ɗan wane na? Tara min yaran makaranta duka cikin ajinki. Kada a kaɗa ƙararrawa. Ki gauraya su, ki ci gaba da darasi."

Darasi! A raina na ce wannan tsoho zai sa a kashe mu. Amma na yi yadda ya ce, don ban da wata dabara. Muka cusa yaran makarantar kaf a aji ɗaya, wasu a benci wasu a ƙasa. Na ɗauki alli zan rubuta lissafi, ya karye a hannuna. Sai na ce su biya jadawalin sau biyu, suka ɗauka da ƙarfi, ni kuwa ko abin da suke faɗa ba na ji. Shi kuma ya jawo kujerarsa ya ajiye a bakin ƙofa, ya zauna ya ba mu baya.

Ta taga na ga isowarsu. Wanda ke gaba ƙanin mamacin ne, idanunsa jawur, rigarsa duk jinin yayansa. Wallahi na ji tausayinsa, kuma na ji tsoronsa fiye da duk abin da na taɓa gani.

"Baba, ba don kai munka zaka ba," in ji shi. "Ka ba mu ɗiyan Hillanin ga, tambaya za mu yi musu."

Hedimasta bai tashi ba. Ya ce, "Allah shi jiƙan yayanka, shi ba ku haƙuri. Ni na koya mai karatu, kai ma ni na koya maka. Amma ɗiyan ga ubanninsu sunka sa hannunsu cikin nawa, awa yadda ubanka ya sa naka. Ba ni ba kowa su sai wanda ya ba ni."

Hayaniya ta kaure. Wani daga baya ya miƙo sanda ya ƙwala masa a gefen fuska, hularsa ta faɗi ta gangara. Yarinyar rugar nan ta ƙanƙame zanena, ina jin zuciyarta tana bugawa a cinyata. Na dafa kanta.

Hedimasta ko hannu bai kai inda aka ƙwale shi ba. Ya ce wa saurayin, da muryar nan tasa da sai ka kasa kunne, "An gama yi ma yayanka wanka, ko? Kun bar shi kwance shina jiranku. Wa za ya ɗauki makara in ba kai ba? Ni ma na so in yi mai sallah, amma kun hana ni tashi daga nan."

Saurayin ya tsaya yana huci. Can sai ya fashe da kuka irin na yara, ya juya. Sauran suka bi shi suna zage-zage, wani yana cewa za su dawo bayan an rufe shi.

Suna ɓacewa hedimasta ya miƙe. Ya ce in sallami yara unguwa-unguwa, manya su riƙe ƙanana, kada kowa ya yi gudu. Muka tura masa babur, ya ɗora yaran huɗu, biyu a gaba biyu a baya, ya nufi gabas, hanyar da ko maza masu makami ba sa son bi a ranar.

Malamai suka watse. Ni ma na so tafiya, mota na jira a Bilbis, amma na fasa. Na zauna a ajin da ba kowa ina kallon dawa tana kaɗawa, duk motsi in ce su ne. Ban san ko samarin za su riga shi dawowa ba, ban san ma ko zai dawo ba.

Bayan azahar na ji ƙarar babur. Shi kaɗai ne, kuncinsa ya haye har ido ɗaya ya kusa rufewa.

"Malam, an kai su?"

"An kai. Na iske ubanninsu suna ɗaure kaya, tashi za su yi. Kowa ya amshi nashi."

Na ɗebo masa ruwa a randa. Ya karɓi kofin, sai na ga ruwan yana zuba a rigarsa. Ya sa hannu biyu, bai daina ba. Ya ɗago ya dube ni da idon nan ɗaya, kamar mai jin kunya.

"Malama," ya ce, "riƙe min in sha. Hannun ya ƙi tsayawa."